Mu goma za mu hau jirgin ruwan shaƙatawa: mu tara kuɗi a hannu ɗaya ko kowa ta biya nata?

Ummu_Hanan:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar jiragen ruwan yawon shaƙatawa. Ƙawaye ne mu goma, muna shirin tafiyar kwana 7 a Bahar Rum. Abu biyu ne muka kasa tsayar da magana a kansu. Na farko, mu tara kuɗi a hannun mutum ɗaya ta kama mana ɗakuna gaba ɗaya, ko kowa ta biya nata? Na biyu, wasu sun ce mu shiga hurhuɗu a ɗaki don sauƙin kuɗi, wasu sun ce a'a, bibbiyu. Don Allah wanda ya sani ya warware mana.

Baffa_Ejan:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ki fara da fahimtar yadda ake sayar da wuri a jirgin. Ba kamar kujerar jirgin sama ba ne, ɗaki ake sayarwa. Kuɗin da kike gani a talla na mutum ɗaya ne, amma bisa sharaɗin mutum biyu za su kwana a ɗakin. Kowane ɗaki yana da lambar rajistarsa da ranar da za a kammala biyansa.

Shawarata kada ku zuba kuɗin mutum goma a hannun mutum ɗaya. Kowane ɗaki ya yi rajistarsa daban, kowacce ta biya kasonta da katinta kai tsaye, sannan ku ba kamfani ko ejan lambobin rajistar duka ku ce a haɗa su a matsayin matafiya ɗaya. Haɗawar ce ke sa a ba ku teburin cin abinci ɗaya da lokaci ɗaya. Dalilina na hana tara kuɗi shi ne, idan aka soke tafiya ko aka rage wani abu, katin da ya biya ake mayar wa kuɗi, kuma yakan ɗauki makonni. Sai mutum ɗaya ta zama ita ce mai bin bashi, ita ce kuma ake bi.

Biyan kashi biyu ne: kafin alƙalami ranar rajista, sai cikon kuɗi wanda yawanci ake nema tsakanin kwana 60 zuwa 120 kafin tashi, gwargwadon kamfani da tsawon tafiya. Idan ranar ta wuce ba a cika ba, suna iya soke ɗakin su riƙe kafin alƙalamin.

Hajiya_Bilki:
Malam Baffa na yarda da rabin maganarka. Kuɗi kam kowa ta biya nata. Amma idan aka ce kowa ta je ta yi rajista lokacin da ta ga dama, wannan ta yi yau, waccan ta yi bayan mako biyu, za a tarar farashi ya canza kuma ɗakunan da ke jere sun ƙare. Sai ka ga wata a hawa na 5 ta gaba, wata a hawa na 12 ta baya, a jirgin da tsawonsa ya haura mita 300. Dole a samu jagora guda, wadda za ta zaɓi jirgi da rana da lambobin ɗakuna, ta sa ejan ya riƙe su. Kamfanoni da yawa suna yarda a riƙe ɗaki na kwana ɗaya ko biyu ba tare da an biya komai ba. A cikin wannan tazarar kowa ta kira ta biya. Jagora ta riƙe magana, kada ta riƙe jaka.

Baffa_Ejan:
Haka ne Hajiya, ba mu saɓa ba. Abin da zan ƙara, akwai rajistar ayari, wadda ake ba da rangwame ko a yafe kuɗin gadon mutum ɗaya. A mafi yawan kamfanoni daga ɗakuna 8 take farawa, wato mutum 16. Ku goma bibbiyu ɗakuna 5 ne, wasu kamfanonin suna karɓar haka, wasu ba sa karɓa. Ku tambaya. Kuma ku sani sharuɗɗan ayari na janyewa da ranar biya sukan bambanta da na rajistar ɗaiɗai, ku nemi a ba ku a rubuce.

Ɗan_Teku:
Ni kan maganar hurhuɗu zan yi magana. Ɗaki na talakawan ɗakuna, ko mai taga ko marar taga, faɗinsa bai wuce murabba'in mita 14 zuwa 17 ba, har da banɗaki a ciki. Gado biyu ne a ƙasa, ana iya haɗa su ko a raba. Na uku da na huɗu ko dai kujerar zama ce da ake buɗewa, ko gadaje ne da ake sauko da su daga silin ko bango, a hau da ɗan tsani. Idan an sauke su da dare, wadda ke ƙasa ba za ta iya miƙewa zaune sosai ba, kuma idan kujera aka buɗe takan tare hanyar baranda.

Matsalar da ta fi duka ita ce banɗaki ɗaya. Ku yi lissafi: ranar da jirgi ya tsaya a tasha, motar yawo za ta tashi 8 na safe. Mutum huɗu, kowacce minti 20, awa ɗaya da minti 20 ke nan kafin a je karin kumallo. Sai kabad, wanda don mutum biyu aka tsara shi. Akwatuna biyu suna shiga ƙarƙashin gado, na uku da na huɗu sai dai a saka ƙarami cikin babba. Hausawa sun ce zo mu zauna zo mu saɓa, kwana 7 a wannan ƙunci yana gwada zumunci. Bibbiyu ya fi, ko da za ku sauka zuwa ɗaki marar taga don kuɗin ya yi daidai.

Maman_Ilham:
Ɗan_Teku ka tsananta. Ya danganta da irin tafiyar. Tafiyar Bahar Rum ta kwana 7 yawanci tasha 5 ko 6 ce, rana ɗaya kacal ake wuni a teku. An fita da safe, an dawo da yamma a gajiye, an ci abinci, an kwanta. Ɗakin wurin barci ne kawai. Kuma mutum na uku da na huɗu suna biyan ƙasa da na farko da na biyu sosai, idan aka haɗa aka raba huɗu kowa ta samu sauƙi. Maganar wanka kuwa, wurin motsa jiki na jirgi yana da ɗakunan wanka kyauta, sau da yawa ma sun fi na ɗaki faɗi. Biyu su yi a ɗaki, biyu su hau can.

Ɗan_Teku:
Rangwamen a kan kuɗin ɗaki kaɗai yake, Maman Ilham. Harajin tashoshi da tukuicin ma'aikata na kullum kowane kai cikakke yake biya, ko a gadon sama yake. Idan aka haɗa duka, ratar ba ta kai yadda ake zato ba. Su sa ejan ya fitar musu da jimillar duka tsari biyun, har da haraji da tukuici, sannan su kwatanta.

Saddiƙa_M:
Idan dai za a yi hurhuɗun, a yi rajista da wuri. Ɗakunan da ke ɗaukar mutum 3 ko 4 ba su da yawa, kuma akwai wani abin da mutane ba su sani ba: ko ɗaki yana da gado huɗu, ana iya hana ƙara mutum a cikinsa idan adadin mutanen da aka ware wa kwale-kwalen ceto na wannan sashen ya cika. Don haka dabarar "mu yi rajistar biyu yanzu, mu ƙara biyu daga baya" tana iya tashi a banza, musamman lokacin hutun makarantu.

Malam_Tanimu:
Duk kuna ta maganar ɗaki, ba wanda ya taɓo abin da ya fi hana mutane hawa jirgi, wato biza. Ummu_Hanan, kafin ku biya ko sisi, ku ɗauki jerin tashoshin ku duba ƙasa bayan ƙasa, da fasfon da kowacce ke riƙe da shi, don ba lallai ba ne dokar ta zama ɗaya a kanku duka.

Italiya, Faransa, Sifaniya, Girka, Malta duk suna cikin yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da biza ɗaya ke shigar da mutum cikinsu duka, Kuroshiya ma ta shiga ranar 1 ga Janairun 2023. Amma Turkiyya, Montenegro, Tunisiya da Sayifurus ba sa ciki. Idan jirgi ya tashi daga Italiya, ya tsaya a Turkiyya, ya dawo Girka, kun fita kun sake shiga ke nan. Mai bizar shiga sau ɗaya ta ƙone ta tun ranar da aka fita. Wadda ake shiga da ita sau da yawa za ku nema, kuma ku haɗa da takardar jerin tashoshin don jami'i ya ga dalili. Ofishin jakadancin ƙasar da za ku fi daɗewa a cikinta ake nema, idan kwanakin sun zo daidai sai ta farkon shiga. Ana karɓar takardu tun wata 6 kafin tafiya, kuma sai da inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000. Fasfo kuma kamfanonin jiragen yawanci suna so ya rage aƙalla wata 6 bayan ranar dawowa.

Abba_Sadauki:
Amma ai na ji idan mutum ba zai sauka a tashar ba, ba ya buƙatar bizar ƙasar. Wadda ba ta samu ba sai ta zauna a jirgi ranar.

Malam_Tanimu:
A'a ɗan'uwa, wannan maganar ce ke sa a bar mutane a bakin tasha da akwatunansu. Wasu ƙasashen suna sassauta wa fasinjan jirgin ruwa, gaskiya ne, amma wasu da zarar jirgi ya shiga ruwansu sun ɗauka ka shigo. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne jiragen da ke zuwa Alaska daga birnin Seattle na Amurka. Dokar Amurka ta 1886 ta tilasta wa jirgi mai tutar wata ƙasa ya taɓa tashar waje, don haka sukan tsaya a Victoria ta Kanada, wani lokaci na 'yan awanni da dare. Wanda fasfonsa ke buƙatar bizar Kanada, idan ba shi da ita, tun a Seattle za a hana shi hawa, ko ya rantse ba zai sauka ba. Kuma ba a mayar da kuɗi, don a yarjejeniyar tikiti an rubuta cewa takardu alhakin fasinja ne. A tambayi kamfanin a rubuce, a kuma tambayi ofishin jakadanci.

Baffa_Ejan:
Maganar Malam Tanimu ta dawo da mu kan tambayar farko. Ku ɗauka ɗaya daga cikinku an hana ta biza, ko wani uzuri ya taso. Idan ta janye, abokiyar ɗakinta ta zama ita kaɗai, kuma mai kwana ita kaɗai ana iya cajinta har ninki biyu, don ɗakin na mutum biyu ne. Abu uku za ku yi. Ku nemi biza da wuri yadda amsa za ta fito kafin ranar cikon kuɗi, don bayan ranar tarar janyewa take fara hawa mataki-mataki har ta kai kashi 100 a makonnin ƙarshe. Ku zaɓi farashin da ake mayar da kafin alƙalami ko da ya ɗan fi tsada. Sannan ku tambayi dokar canza suna: kamfanoni da yawa suna yarda a sa wata a gurbin wadda ta janye, muddin suna ɗaya na asali ya rage a ɗakin, kuma ba a ƙure lokaci ba.

Tun yanzu kowane ɗaki su yi magana a tsakaninsu: idan ɗaya ta fasa, wa zai ɗauki ƙarin? A rubuta a ajiye. Ana jin nauyin faɗar wannan tun farko, amma ya fi sauƙi a kan a faɗe shi bayan an yi asara.

Maman_Ilham:
To ka ga a nan hurhuɗu ya fi. Idan ɗaya ta janye a cikin huɗu, saura uku, ba wadda za a ninka wa kuɗi.

Zainab_Akanta:
Akwai kuɗin cikin jirgi ma, wanda shi ne ya fi haddasa ƙorafi a daren ƙarshe. A jirgi ba a ciniki da tsabar kuɗi. Ranar hawa ana ba kowa kati, shi ne mabuɗin ɗaki, shi ne shaidar fita da shiga, shi ne kuma abin biya. Duk abin da aka saya yana hawa kan asusun katin, da Dala ko Yuro gwargwadon kamfani. Wurin cike bayanai ta intanet za a tambaya wane katin banki za a jingina. Idan ba a lura ba, sai a ɗora duk 'yan ɗaki a kan katin wadda sunanta ya zo farko. Kowacce ta jingina nata, ko ta ajiye tsabar kuɗi a teburin karɓar baƙi a buɗe mata asusunta daban.

Abubuwan da ke hawa ba tare da an ankara ba: tukuicin kullum na kowane mutum, ƙarin kashi 15 zuwa 20 a kan abin sha da wurin gyaran jiki, gidajen abinci na musamman da ba sa cikin tikiti, hotuna, intanet, wanki. Tukuicin ana iya biyansa tun kafin tafiya, na fi ba da wannan shawarar don ya fita daga lissafi. Idan katin cire kuɗi ne ba na bashi ba, jirgi yakan sa banki ya daskarar da wani adadi, kuma sakin yakan ɗauki kwanaki bayan an sauka, don haka kada ya zama shi ne katin da za ki biya otal da shi. Ku riƙa duba lissafi a manhajar jirgi kowane dare. Gyara kuskure a rana ta uku minti biyar ne, a daren ƙarshe layi ne mai tsawo.

Saddiƙa_M:
Ƙari kan na Zainab: tsarin biyan abin sha na mako gaba ɗaya, wasu kamfanoni suna cewa idan babba ɗaya a ɗaki ya sayi babban tsarin, sauran manyan ɗakin ma sai sun saya. A duba kafin a raba ɗakuna. Ruwa, shayi da kofi a wurin cin abinci na ɗiba-da-kanka kyauta ne.

Nas_Rakiya:
Ba a taɓo jiri ba, kuma yana da hannu a zaɓen ɗaki. Jirgi yana motsi iri biyu: tangaɗi gefe da gefe, da kuma ɗaga goshi da saukewa. Fikafikan da ke fitowa daga jikin jirgi ƙarƙashin ruwa suna rage na gefe da gefe sosai, amma ba sa yi wa na gaba da baya komai. Shi ya sa ɗakin da ya fi kwanciyar hankali shi ne na tsakiyar jirgi a hawa na ƙasa-ƙasa. Mafi muni shi ne can gaba a hawa na sama. A cikin mutum goma da wuya a rasa mai saurin tashin zuciya, ita za a fara zaɓar wa ɗaki, kuma mai taga ko baranda, don kallon inda sama ta haɗu da ruwa yana daidaita ido da kunne.

Magani: meclizine ko dimenhydrinate ana sha kamar awa ɗaya kafin motsi ya fara, ba bayan amai ya zo ba, kuma suna sa barci. Akwai filastar scopolamine da ake mannawa a bayan kunne aƙalla awa 4 kafin tashi, tana aiki awa 72. Tana busar da baki, kuma idan aka taɓa ta aka taɓa ido gani yakan dushe, a wanke hannu. Mai hawan jinin ido kada ta yi amfani da ita sai likita ya yarda. Citta tana taimaka wa wasu. Kada a zauna da yunwa, kada kuma a cika ciki da maiƙo.

Ɗan_Teku:
Daidai ne Nas. Shi ya sa ma ayari bai kamata su ɗauki farashin nan mai rahusa da kamfani ke zaɓar wa mutum ɗaki ba. Nau'in ɗaki kawai suke lamunce maka, wurin kuwa duk inda ya rage. Ku buɗe taswirar jirgin ku duba abin da ke sama da ƙasan ɗakinku. Ƙarƙashin wurin ninkaya ana jan kujeru tun asuba. Saman zauren kiɗa ba barci sai bayan tsakar dare. Can gaba a ƙasa ana jin ƙarar sarƙar anka da injin juya jirgi duk safiyar da aka iso tasha. Ɗakin da ke da ɗakuna sama da ƙasa shi ne mai shiru.

Nas_Rakiya:
Wani abin da ya shafi hurhuɗu: cutar amai da gudawa ta norobairos. Tana yaɗuwa da sauri inda ake raba banɗaki. Man goge hannu mai sinadarin barasa ba ya kashe ta sosai, wanke hannu da sabulu da ruwa na daƙiƙa 20 ne rigakafin. Wadda ta kamu ana killace ta a ɗaki har sai ta yi awa 24 zuwa 48 ba alama. A ɗakin mutum biyu mutum ɗaya ce ke cikin haɗari, a na huɗu uku ne. Asibitin jirgi kuma ba kyauta ba ne, a asusun katinki ake sa kuɗin, shi ya sa inshorar ta zama wadda ta ambaci tafiyar jirgin ruwa da ɗauke marar lafiya zuwa tudu. Idan akwai mai juna biyu a cikinku, yawancin kamfanoni ba sa ɗaukar wadda za ta shiga mako na 24 kafin tafiya ta ƙare.

Ummu_Hanan:
Allah ya saka da alheri, ina rubutawa. To yawo a garuruwan da za a tsaya fa? Mu sayi na jirgi ko mu ɗauki motarmu tun da muna da yawa?

Hajiya_Bilki:
Ku goma kun cika ƙaramar bas, idan kuka ɗauki shata da ɗan jagora kuka raba goma yawanci ya fi na jirgi sauƙi, kuma ku ke da iko da lokacinku. Amma ki riƙe wannan: idan motar yawon da jirgi ya sayar ta makara, jirgi yana jira ko ya ɗauki nauyin kai ku tasha ta gaba. Idan taku ce ta makara, tafiya yake yi. Lokacin da ake so kowa ya dawo yawanci minti 30 ne kafin tashi. Ku sa wa kanku ku iso awa ɗaya da rabi kafin wannan.

Malam_Tanimu:
Ni zan raba shi gida biyu. Inda gari yake a bakin tasha, kamar Basalona ta Sifaniya ko Valletta ta Malta, ku yi naku. Inda yake da nisa, ku sayi na jirgi. Abin da ake rubutawa "Rum" a jerin tashoshi, tashar Civitavecchia ce, kusan kilomita 80 daga birnin Rum na Italiya, fiye da awa ɗaya a jirgin ƙasa ko mota. "Fulorens" kuma Livorno ne, kusan awa ɗaya da rabi. Benis ta Italiya ma tun watan Agustan 2021 aka hana manyan jirage bi ta tsakiyarta, suna tsayawa a Marghera, wasu ma Ravenna ko Trieste, masu nisan awanni. Tsibirin Santorini na Girka kuwa jirgi ba ya matsowa gaɓa, a ƙananan jirage ake kwasar mutane, sannan a hau motar igiya mai tafiya a rataye zuwa garin Fira a saman dutse. Ranar da jirage uku ko huɗu suka haɗu, layin saukowa da yamma yakan wuce awa ɗaya, in ba haka ba sai matakala kusan 600.

Sai agogo. Girka tana gaban Italiya da awa ɗaya. Waya tana canza lokaci da kanta, jirgi kuma da agogonsa yake aiki. Kowa ta duba takardar shirin rana da jirgi ke bayarwa kullum, a ciki akwai lokacin dawowa da lambar wakilin jirgi na wannan tashar. A ɗauki hotonta kafin a sauka.

Abba_Sadauki:
Kuma ba dole ne goman su tafi wuri ɗaya kullum ba. Mutum goma ba sa tafiya da sauri ɗaya. A rabu uku-uku ko hurhuɗu, kowane rukuni da mai kula da agogo, kada dai a bar mutum ɗaya ita kaɗai. Abincin dare ne mahaɗa. Zama biyu ake yi, na wajen ƙarfe 6 da na wajen 8 da rabi. A Bahar Rum na biyun ya fi, don jirgi yakan kai 6 ko 7 kafin ya tashi. Teburin mutum goma kaɗan ne, idan ba a samu ba a nemi biyu a jere, kuma a je wurin shugaban masu hidimar abinci tun ranar hawa a tabbatar.

Kawu_Injiniya:
Atisayen ceto na ranar farko, kada wadda ta tsallake shi. Bayan hatsarin jirgin Costa Concordia a gaɓar tsibirin Giglio na Italiya ranar 13 ga Janairun 2012, inda mutum 32 suka rasu, an gyara dokar kare rayuka a teku, daga 2015 dole a yi atisayen kafin jirgi ya tashi ko da zarar ya tashi. Yanzu jirage da yawa bidiyo ake kalla a waya, sannan mutum ya je wurin taruwarsa a karanta katinsa. Alamar gaggawa busa 7 ce gajeru sai ɗaya doguwa. Wurin taruwa da wurin ɗaki yake tafiya, an buga shi a katin kowa da bayan ƙofa. Don haka idan ɗakunanku sun warwatsu, wuraren taruwarku ma za su bambanta. Idan aka busa, kowa nata za ta nufa, ba neman ƙawa ba, kuma ba a hawa lif.

Kaya: dutsen guga, butar lantarki, kyandir, abin turare mai garwashi da wayar ƙarin soket mai kariyar hawan wuta duk ana ƙwacewa a bakin shiga saboda gobara. Soket a ɗaki kaɗan ne, musamman a tsofaffin jirage, ku zo da caja mai bakin USB da yawa. Bangon ɗaki ƙarfe ne, ƙugiyoyi masu maganaɗisu suna kamawa, suna rage cunkoson kabad.

Zainab_Akanta:
Waya kuma, da jirgi ya bar gaɓa a sa ta a yanayin jirgin sama. In ba haka ba za ta kama layin teku da ke bi ta tauraron ɗan'adam, mai tsadar gaske, ko ba ki taɓa ta ba tana sabunta abubuwa. Sai a kunna Wi-Fi kawai. Manhajar jirgi tana aiki ba tare da sayen intanet ba, kuma akasari tana da wurin aika saƙo tsakanin fasinjoji, wasu kyauta wasu da ɗan kuɗi. A sauke ta tun a gida.

Baffa_Ejan:
Ku isa garin tashi kwana ɗaya kafin rana, ku duka. Jirgin sama ya makara, na ruwa ba ya jira, kuma ana rufe ƙofar shiga kamar awa ɗaya da rabi kafin tashi. Manyan akwatuna ana karɓa a bakin tasha, ba sa isa ɗaki sai yamma, don haka fasfo, magani, caja da kaya kala ɗaya su kasance a jakar hannu. Daren ƙarshe ana fitar da akwatuna ƙofa kafin a kwanta, a ware kayan sawa na safe. Tikitin komawa kada ya zama kafin 12 na rana.

Ummu_Hanan:
Na gode ƙwarai. Maganar biya ta zauna, kowa da katinta. Ɗakunan ne har yanzu: huɗu daga cikinmu sun dage sai sun haɗu a ɗaya. Idan muka yi ɗaya na huɗu, uku na bibbiyu, za a iya samun su a jere?

Ɗan_Teku:
A jere sak da wuya, don ɗakunan mutum huɗu a warwatse suke, an yi musu alama a taswira. Ku fara kama na huɗun, sannan ku nemi sauran ukun a kusa da shi a layi ɗaya. Amma kafin su yanke, a nuna musu farashin ɗakuna biyu marasa taga masu ƙofa a tsakani. Suna tare, banɗaki biyu.

Maman_Ilham:
Masu ƙofa a tsakani ƙara tana ratsawa, kuma su ma da wuri suke ƙarewa. Idan huɗun sun saba kwana wuri ɗaya a bar su. Su dai tsayar da wa zai hau gadon sama tun yanzu, kuma a tambayi ejan iyakar nauyin da gadon ke ɗauka, don yana da ƙa'ida.